Ratar Shekaru Tsakanin Ango da Amarya

Duk lokacin da wani basarake ya auri yarinya, sai a kama lissafin shekaru, kamar a 2015 da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, yana da shekara 54, ya auri 'yar Lamiɗon Adamawa mai shekara 18. Ni kam lissafin bai taɓa gamsar da ni ba. Yarima Charles na Ingila ya girmi Diana da shekara 12 kacal, aka ɗaura aure a 1981 duniya na kallo, aka rabu a 1996. Waziri Giɗaɗo kuwa ya fi haka girmar matarsa Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, amma daga gidan nan zuriyar waziran Sakkwato ta fito, har kan Waziri Junaidu. Asma'u ta shiga ɗaki da ilminta, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma mijin abokin aikinta ne. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake kafa hujja da gidajen sarauta a ƙauyukan Birnin Gwari, inda 'yan bindigar daji suka sa makarantu da dama suka yi shekaru a rufe. Uban da ya rasa gona ya ba dattijo 'yarsa don a rage baki, ba saboda sarauta ko zuriya ba. Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a 2024, madalla. Ajin 'yan mata fa, wa ke ƙirga waɗanda suka koma?