Fyaɗe: Shaida na jikin yarinya, na'ura na Ankara

Jama'a, duk mai bin hanyar Tamale zuwa Paga ko Bawku ya san yadda 'ya'yanmu mata ke yawon talla a tasha har dare. Idan mugu ya zuba wa yarinya ƙwaya a zoɓo ya yi mata fyaɗe, sau da yawa takan farka ba ta tuna komai. To, wa zai yi mata shaida a gaban alƙali?

Amsar tana cikin jininta da fitsarinta. Masana na da wata na'ura mai farfasa sinadari ta auna nauyin ɓarɓashinsa. Kowace ƙwaya, Tramol ce ko Valium, da irin nata nauyin, kamar yadda kowa ke da zanen yatsansa. Ko ɗan mitsitsi ya rage, na'urar za ta gano shi. Sai dai ƙwayar kawai take nunawa, gwajin DNA ne ke nuna mai laifin.

Matsalar ita ce lokaci. Ƙa'idar da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2011 ta ce a ɗebi jini cikin awa 48, fitsari kuma cikin kwana 5. Wata ƙwayar ma, GHB, awa 12 ta ishe ta ɓacewa. Ga shi ɗakin binciken 'yan sandan Gana yana Ankara, tafiyar kilomita 600 da wani abu daga Tamale. Mu kuwa sai mu ɓata kwanaki muna sasanci a zaure don gudun abin kunya, shaida na zubewa.

Doka dai tana nan. Dokar laifuffuka ta 1960 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 25 ga mai fyaɗe, 7 zuwa 25 idan yarinyar ba ta kai 16 ba. Amma doka ba ta cizo sai da hujja.

Don haka, kada ta yi wanka, kada a wanke tufafinta, a adana su a takarda, ba leda ba. A garzaya ofishin DOVVSU na 'yan sanda a karɓi takardar likita, a wuce asibiti, domin maganin kariya daga ƙanjamau ma sai cikin awa 72 yake aiki.

Muna kira ga gwamnati da jami'ar UDS, wadda hedikwatarta ke nan Dungu, su kawo wa arewa irin wannan ɗakin bincike. Kafin nan, sauri ya rage namu. Allah ya tsare mana zuri'a.