Motar lantarki: ina za ka sa ta caji?

Ɗana na fari ya dame ni da maganar motar lantarki. Kullum ya dawo daga kasuwa sai ya miƙo mini waya: "Baba, dubi wannan BYD ɗin, ba ruwanta da gidan mai." Ni kuwa ɗan kasuwa ne, sai na jawo biro da bayan kwalin sabulu.

Ƙaramar motar fetur tana shan wajen lita 8 a kilomita 100. Ta lantarki mai irin girmanta tana cin wuta wajen yunit 18. Mu ɗauki farashin Najeriya a ƙarshen 2024, bayan cire tallafin mai na Mayun 2023: lita ta haura naira dubu, yunit na masu layin Band A kuma naira 200 da 'yan kai. Fetur dubu takwas ke nan, wuta kusan dubu huɗu. Rabi! Ga shi babu juyen baƙin mai, babu fulogi. A nan yaro ya yi gaskiya, na kuma faɗa masa.

To amma wace wutar? Mu da ke zaune a Yamai ba mu manta Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, unguwanni suka riƙa kwana a duhu. In babu wuta sai janareto, kuma a nan lissafin ya kife. Ƙaramin janareto da ƙyar yake ba ka yunit biyu a lita ɗaya. Yunit 18 ke nan lita tara ko fiye. Wato ka sayi mota mai tsada don ka guje wa fetur, ka dawo kana ƙona fiye da na mai tsohuwar Corolla, ga ƙara ta hana maƙwabta barci.

Wanda ya riga ya shimfiɗa sola a rufin gidansa, kuma zirga-zirgarsa gida ce zuwa kasuwa, shi ne zai ci ribar. Sai dai ya sani, solar da ke ɗaukar fanka da firji ba ta isa ta ciyar da mota ba.

Ni hanyata Yamai zuwa Maraɗi ce, fiye da kilomita 600, da kaya niƙi-niƙi a baya. In mai ya ƙare, ko a ƙauye ne akwai mai sayar da shi a kwalba. Na ce wa yaron ya nemo mini inda zan sa caji a Dogondutsi, da kuɗin sabon batir in wannan ya gaji. Har yanzu yana ta latsa waya.