An Ci Tara a Abuja, Wa Ya Bi Sawunta Zuwa Yana?

A watan Afrilun 2025 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sanar da cewa ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta guda takwas naira miliyan 628. Cikinsu har da na Jos, wanda Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai ke ƙarƙashinsa. Laifinsu shi ne sun wuce iyakar da hukumar ta gindaya a kan bil ɗin ƙiyasi, wato kuɗin da ake rubuta wa wanda ba shi da mita, tsakanin Yuli da Satumban 2024. Ta kuma umarce su da su mayar wa mutane abin da aka ƙara musu kafin 15 ga Mayu. Jaridu suka buga, aka yi ta sambarka. Ni dai har yau tambayata ɗaya ce: bayan an rufe fayil a Abuja, wa aka turo ya zauna da masu biyan kuɗin wuta a Yana ko Disina ko Giade a jihar Bauchi, ya duba takardunsu?

Da yake na daɗe ina koyarwa a yankin nan, maƙwabta sukan kawo mini bil in karanta musu. Za ka ga mutum ya zaro ta daga aljihun gaba, an ninke ta huɗu, gumi ya fara cinye tawadar. "Malam, duba mini nawa suka rubuto." Lambar ƙasa kaɗai yake son ji. Ba ya tambayar yunit nawa aka lissafa masa, ba ya tambayar rukunin da aka sa shi. Wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo da ƙanƙara ta taɓa zuwa da nata a cikin leda, ta jera su wata bayan wata, tsaf. Na ce mata, "Hajiya, kin san akwai iyakar da doka ta hana a wuce wa marar mita?" Ta dube ni ta ce, "Iyaka kuma? Ai abin da NEPA ta rubuta shi ke nan." Tun 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, amma a bakinmu NEPA ce har gobe, kuma a zuciyarmu hukuma ce da ba a ja da ita.

Iyakar nan kuwa ba sabuwa ba ce. Tun Fabrairun 2020 NERC ta kafa ta. Shekara huɗu bayan haka, a Fabrairun 2024, hukumar da kanta ta faɗa wa duniya cewa kamfanoni goma sha ɗaya sun ƙara wa marasa mita sama da naira biliyan 105 cikin wata tara na 2023. Hukuncin da ta yanke shi ne a mayar wa mutane haƙƙinsu, sannan a zabge naira biliyan 10.5 daga kuɗin shigar kamfanonin, wato kashi goma cikin ɗari. Da aka sake kama takwas daga cikinsu da laifi iri ɗaya, sai tarar ta sauko zuwa kashi biyar. A wace kotu ake sassauta wa wanda ya maimaita laifi? Duk akantan da ya iya lissafi zai gane cewa wannan bashi ne marar ruwa: ka karɓa daga talaka, ka juya shi wata da watanni, in an kama ka ka mayar, ka ɗora ɗan abin goro a kai.

Kada a ce na yi wa hukumar rashin adalci. Tana da haƙora, kuma mun ga ta yi cizo. A Janairun 2024 ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. A Afrilun shekarar, da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, kamfanin Abuja ya ɗora sabon farashin a kan waɗanda ba ya kansu, cikin 'yan kwanaki aka ci shi tarar miliyan 200. Amma a lura da inda abin ya faru. A Abuja ne, inda manyan ma'aikata da 'yan jarida da su kansu kwamishinonin hukumar suke sayen wuta. Kuka ya isa kunne nan take. Mai injin niƙa a ƙasar Katagum ba shi da wannan gatan.

A nan ne nake ganin aikin wanda ke jagorantar sashen shari'a da tabbatar da bin doka na hukumar ya fi na kowa nauyi. Yawancin abin da hukumar ke hukunci a kai yana fitowa ne daga alƙaluman da kamfanonin suka miƙa mata. Wannan bitar takardu ne. Bincike kuwa shi ne a fita, a ɗauki layin wuta guda, a bi shi gida gida, a gwada abin da kamfani ya ce ya bayar da abin da mutane suka samu, a ɗauki bayanin shaidu, a kira manaja ya amsa tambaya da bakinsa.

Amurka ma sai da ta sha wuya ta koyi haka. A rikicin wutar Kalifoniya na 2000 zuwa 2001, dillalan kamfanin Enron sun yi ta murɗa kasuwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, ana ɗauke wa mutane wuta. Abin da ya tona asirinsu shi ne wasiƙunsu na cikin gida da muryoyinsu da aka naɗa a waya, ba rahoton da suka miƙa wa hukuma ba. Bayan nan, wata doka ta 2005 ta ba hukumarsu ta FERC ikon cin tarar dala miliyan ɗaya a kowace rana kan kowane laifi. A 2013 bankin JP Morgan ya biya dala miliyan 410 kan murɗa kasuwar wuta, miliyan 125 ribar da ya ci ce aka ƙwace, miliyan 285 kuma tara. Tarar ta ninka ribar fiye da sau biyu. Tamu kashi biyar ce cikin ɗari.

Mu ma ba wankakku ba ne, kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba. Akwai masu zagaye mita, akwai masu maƙala waya da daddare, akwai unguwannin da in ma'aikaci ya zo da tsani sai an taru a kansa. Satar wuta sata ce, kuma maƙwabcinka mai gaskiya ne ke biyanta. Hukumar ta tsaurara a nan: daga Janairun 2025, wanda aka kama ya zagaye mitar gida ta layi ɗaya zai biya naira 100,000 a karon farko, 150,000 in ya sake. Ban ƙi ba. Sai dai ga shi talaka in ya maimaita ana ƙara masa, kamfani in ya maimaita ana rage masa.

Ga kuma maganar taransifoma. Ƙa'idar NERC a fili take cewa sayen taransifoma da turaku da waya, da gyaransu, nauyin kamfani ne. Amma wane gari ne a Arewa ba a san karo-karo ba? Taransifoma ta ƙone, mai unguwa ya zagaya da littafi, kowane gida dubu kaza, ko a jira ɗan siyasa ya kawo gab da zaɓe. Irin wannan ba ya shiga rahoton kowa, don haka ba ya zuwa teburin lauyan hukuma, sai in shi ya taso ya zo.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar, kuma Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓa a 2024. Wasu na ganin wannan ne mafita, tunda Bauchi ta fi Abuja kusa. Ni ban yarda kusanci kaɗai ya isa ba. Hukumar jiha da aka cika da 'yan alfarma, babu injiniya, babu akanta, babu lauyan da zai iya tsayawa gaban kotu, ta fi ta Abuja sauƙin saye. Ko wace ce ke riƙe da mu, abin da nake nema ƙarami ne: duk lokacin da aka ba da umarnin mayar da kuɗi, a buga jerin garuruwa da adadin da aka mayar wa kowanne, a karanta da Hausa a rediyo, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Sannan masu bincike su zauna a Azare ko da sau ɗaya a wata uku, mutanen Shira da Giade da Jama'are su kawo takardunsu.

Kafin a yi hakan, ɗan'uwa, kada ka yar da bil ɗinka. Adana su a jere. In kana da ƙorafi, rubuta shi ka kai ofishin kamfani, ka sa a buga maka hatimi a kwafinka. In ba a warware ba, ka ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na NERC, daga nan zuwa hukumar kanta. Ku haɗu ku goma ko ashirin ku sa hannu, domin ƙorafin baki a majalisar mai shayi ba ya shiga fayil.