Jana'iza a Birtaniya: gaggawar addini da jinkirin doka

A Kano ko Damagaram, wanda ya rasu da asuba da wuya ya kai la'asar ba a kai shi makwancinsa ba. A Landan kuwa, Musulmin da abokin aikinsa ya rasu yakan yi kwanaki yana jiran a sanar da ranar jana'iza.

Dalili shi ne doka. A Ingila ba a binne mamaci sai da takardar izini, kuma tun watan Satumban 2024 sai wani likita na daban, wanda bai yi jinyar mamacin ba, ya tantance musabbabin mutuwar. Idan ta fuju'a ce, batun kan koma hannun jami'in binciken mace-mace, mai ikon ba da umarnin a feɗe gawa.

Ga yawancin Turawan ƙasar wannan jinkiri ba abin damuwa ba ne, domin sukan yi mako biyu ko uku kafin jana'iza, kuma akasarinsu ƙona gawa suke yi. Ga Musulmi da Yahudawa kuwa, gaggauta binnewa umarni ne na addini.

Takaddama a kotu

A 2017 wata jami'ar binciken mace-mace a arewacin Landan, Mary Hassell, ta ce ba za ta fifita wata gawa saboda addini ba. Wata ƙungiyar jana'izar Yahudawa ta kai ƙara, Musulmi suka mara mata baya, kuma a 2018 Babbar Kotu ta ce matakin ya saɓa wa doka.

A 2020 ma, sai da aka yi wa dokar korona gyara bayan koken da mabiya addinan biyu suka yi, saboda fargabar za a ƙona gawawwakinsu.

Gida ko nan?

Sai dai tambaya mafi nauyi tana kan iyalai. Kai gawa Najeriya ko Nijar na buƙatar izinin jami'in, da yi wa gawar magani, da kuɗin jirgi, abin da ke ƙara jinkirin da ake gudu. Malamai da dama na ganin binne mutum a inda ajali ya riske shi ya fi dacewa, ga kuma maƙabartun Musulmi irin su Gardens of Peace da aka buɗe a gabashin Landan a 2002.

Amma dangin da ke gida kan so kabarin da za su iya ziyarta, haka ma 'ya'yan da aka haifa a Birtaniya. Wanda bai bar wasiyya ba, su yake bar wa wannan gardama a ranar da ya kamata su zauna karɓar gaisuwa.