Hannun Jarin MTN: Ina Rabonmu?

Abin da ya jawo zancenmu na wannan wata shi ne wata hira da muka yi da 'yan'uwanmu malamai bayan an tashi daga makaranta, inda wani daga cikinmu ya ce ya sayi hannun jarin kamfanin waya na MTN tun shekarar 2018, amma har yau bai san abin da ya saya ba, bai kuma san ko yana da wani rabo ba. Da muka bincika sai muka tarar ire-irensa suna da yawa a zangunanmu na Bawku da Yendi da Salaga, don haka muka ga ya dace mu ɗan yi bayani gwargwadon fahimtarmu.

Da farko dai, wannan kamfani sunansa na rajista Scancom, ya kuma fara aiki a ƙasarmu a 1996 da sunan Spacefon, daga baya ya zama Areeba, sannan ya koma MTN a 2007. Lokacin da ya karɓi lasisin 4G a ƙarshen 2015, hukuma ta gindaya masa sharaɗin ya ba 'yan Gana kashi 35 cikin ɗari na mallakarsa. Wannan ne ya sa a 2018 ya fito da hannun jari kasuwa a kan pesuwa 75 kowane ɗaya, har mutum yana iya sayen guda goma kacal ta MoMo daga wayarsa. Mutum fiye da 120,000 suka saya, aka tara sidi biliyan ɗaya da ɗoriya, aka kuma shigar da kamfanin Kasuwar Hannun Jari ta Gana a watan Satumba na wannan shekara.

To, mene ne hannun jari? Kakanninmu da suka yi fataucin goro a Salaga sun san wannan tsari tun tuni. Mutum yakan ba falke dukiyarsa ya tafi da ita, in ayari ya dawo da riba a raba, in kuwa an yi hasara kowa ya ɗauki nasa kaso. Haka abin yake a nan. Wanda ya sayi hannun jari ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, komai ƙanƙantar rabonsa, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin wani adadi tabbatacce. Abin da kamfanin ya saba yi shi ne ya raba wa masu jari tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ribarsa bayan biyan haraji, sau biyu a shekara, sauran kuma ya zuba shi cikin kafa turakun sadarwa da gyaran na'urori.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Wanda ya sayi guda 1,000 a 2018 ya biya sidi 750. A kan ribar shekarar farko an ba kowane hannun jari pesuwa 5, wato ya sami sidi 50. A kan ribar 2024 kuwa an ba da pesuwa 30 da rabi, wato sidi 305, kafin gwamnati ta cire harajinta na kashi 8 cikin ɗari. A ƙarshen 2024 kuma ana sayar da guda ɗaya a kan sidi biyu da rabi, ke nan jarinsa ya kai sidi 2,500.

Sai dai kada murna ta hana mu ganin ɗaya gefen. A 2020 farashin ya sauko ƙasa da pesuwa 75 ɗin da aka saya, waɗanda suka firgita suka sayar a lokacin sun yi hasara. Haka kuma ba mu manta da tsadar da ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamban 2022 ba. Dalar Amurka da ba ta cika sidi 5 ba a 2018 ta kai kusan sidi 15 a ƙarshen 2024, kafin sidi ta farfaɗo a 2025. Ashe a tsakanin nan farashin jarin ya ninka uku, dala ma ta ninka uku, ke nan ainihin abin da mai haƙuri ya ci shi ne rabon nan na shekara-shekara. Ban da wannan, ribar kamfanin tana rataye da dokokin hukuma da haraji, kamar harajin tura kuɗi ta waya da aka ɗora a 2022 aka kuma soke a 2025.

Mun kawo duk wannan ne saboda mun ga yadda kwaɗayin riba ta gaggawa ya jefa mutanenmu cikin wahala. DKM, wanda Babban Bankin Gana ya dakatar a 2015, ya durƙushe da kuɗin manoma da 'yan kasuwa da malamai da yawa a nan arewa, haka kuma aka dakatar da Menzgold a cikin watan da MTN ya shiga kasuwa. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗinka cikin 'yan watanni, ka tambaye shi wace sana'a yake yi da su. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari kuwa tilas ne ya buga lissafinsa kowa ya gani, ko da yake wannan ma ba ya hana hasara. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata.

Shawararmu ga wanda ya riga ya saya ita ce ya nemi dillalin hannun jari mai lasisi ya tabbatar da sunansa da yawan abin da ya mallaka, musamman in ya sake lambar waya tun 2018, domin ta wannan lamba ce rabon mutane da yawa yake shigowa. Ya kuma rubuta a takarda ya sanar da iyalinsa, saboda dukiya ce da ake gādo kamar gona ko saniya. Mai niyyar saye kuwa, kada ya taɓa kuɗin makarantar yara ko na takin albasa, ya sa abin da zai iya mantawa da shi na 'yan shekaru, kada kuma ya zuba duka a wuri guda.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.