Biyu, takwas, ɗaya: darasin yana Ƙofar Mata

Da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai ka ji ƙannenmu suna rera “biyu, takwas, ɗaya” kamar waƙa. In ka tambayi ma'anar lambobin, sai a yi tsit. Wannan karatun aku ne, kuma yana cutar mu. Maganinsa yana nan kusa, a marinar Ƙofar Mata.

Mu fara daga tushe. Duk abin da muke taɓawa an gina shi da ƙwayoyin zarra, wato atam. A tsakiyar kowanne akwai cibiya mai ɗauke da furoton da niyutiron, sannan elektiron suna kewaye da ita hawa-hawa. Tomson ne ya gano elektiron a 1897, Rutafod ya gano cibiyar a 1911, Bor kuma ya kawo bayanin hawa-hawan a 1913. Hawan farko biyu kawai yake ɗauka, na biyu takwas. Hawan da ke waje shi ne mai yanke halin atam. Sodiyam yana da elektiron 11, jerinsu 2, 8, 1, don haka yana saurin sakin guda ɗayan nan. Kulorin yana da 17, wato 2, 8, 7, saura ɗaya ya cika. Wannan ya bayar, wancan ya karɓa, sai ga gishirin miya. Oksijin kuwa 2, 6 ne, kullum yana neman biyu.

Yanzu mu shiga cikin ganuwa. Ana cewa tun 1498 ake rini a Ƙofar Mata. Shunin da ake samu daga baba ba ya narkewa a ruwa, ga shi kuwa sai ya narke zai shiga zare. Marina sukan haɗa shi da toka da kanwa a rijiyar rini, su bar shi ya yi kwanaki ya ruɓa. A cikin wannan ruwa mai kaifi, ƙwayoyin bakteriya suna miƙa wa kowace ƙwayar shuni elektiron biyu. Da ta karɓa sai ta narke, launinta ya koma kore-kore mai ɗan rawaya, ta ratsa zaren. Marini ya ɗaga ƙyallen, oksijin mai neman biyu ya ƙwace su, shuɗi ya bayyana a gaban idonka, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa ake tsomawa ana ɗagawa sau da yawa kafin launi ya yi duhu.

Wani zai ce mai gyara takarda lamba yake so, ba labarin marina ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya haddace kawai, da an juya masa tambaya ya ɓata. Wanda ya san dalilin da ya sa sodiyam ke bayarwa, in an kawo masa fotasiyam mai 2, 8, 8, 1 zai gane halinsu ɗaya ne, ko ba a koya masa ba.

Maganar ma ta wuce jarrabawa. A 1883 wani Bajamushe, Adolf fon Baya, ya fayyace yadda atam suke jere a cikin shuni. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta, kuma cikin 'yan shekaru kasuwar baba ta Indiya ta durƙushe. Masu sana'ar suna da gwanintar hannu ta ɗaruruwan shekaru, amma wanda ya fahimci abin da ke ciki shi ya tafi da cinikin. In muka tsaya kan hadda, haka za mu ci gaba da sayen abin da ya kamata mu ƙera.

Da yawanmu a Sabon Gari muka tashi, ba mu taɓa leƙa marinar nan ba. Shawarata ga shugabannin zumunta ita ce a ware Asabar ɗaya, a ɗebi masu shirin jarrabawa, a je a gaida dattawan marina da ladabi, a nemi izini, a kalli ƙyalle yana sauya launi. Gani ya kori ji. Allah ya buɗe mana fahimta, amin.