LAFIYA UWAR JIKI: Gani Ya Kori Ji

Mu da ke zaune a bakin kogin Wudil mun saba ganin yaro yana fitsarin jini, mu ce tsargiya ce, a ba shi ƙwaya ya warke. Wannan sabo shi ke cutar manya. Wanda ya haura shekara 40, in ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, to, ya nufi asibiti. Ciwon dajin ƙoda ma yakan fara nuna kansa da haka.

Likita yakan soma da hoton ciki irin na masu juna biyu. Shi zai nuna ko kumburin da ke jikin ƙoda ruwa ne ko kuwa tsiro. In tsiro ne, sai a tura mutum babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A nan ne wasu ke tsaki, su ce ai an riga an ɗauki hoto. Amma kowane hoto da tambayar da yake amsawa.

Hoton Si-Ti, wanda aka fara gwada wa majiyyaci a Ingila a 1971, yana nuna jiki yanki-yanki, a ga girman tsiron da inda ya kai. Akan zuba wani ruwa ta jijiya domin hoton ya fito sarai, shi ya sa ake fara auna jini a ga ƙarfin ƙodar. Hoton Em-Ar-Ai da maganaɗisu yake aiki. Akan neme shi in ana zargin tsiron ya shiga babbar jijiyar jini. Mai ƙarfe a jiki ya faɗa tun da wuri, haka ma mai ciki kafin kowane hoto. Ana ɗaukar hoton ƙirji domin ciwon nan yakan yi ƙaura zuwa huhu, na ƙashi kuwa sai in ƙashi yana ciwo.

Mutum yana iya rayuwa da ƙoda ɗaya. Amma bayan fiɗa akan ci gaba da ɗaukar hoto shekara da shekaru, gama ciwon yana iya dawowa shiru. Ku adana tsofaffin hotuna, da su likita zai gwada sababbi. Dangi kuma su taimaka da kuɗin mota da na hoto, kada ranar komawa ta wuce.

Sai wata mai zuwa.